Zare nawa zan buɗe a kan furosesa mai manya da ƙananan cibiyoyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta manhaja da C++ wadda ke rage girman hotuna, dubbai a tashi ɗaya, don wani mai ɗaukar hoton biki. Laftof ɗina Core i5-1235U ce, da Windows 11. Na tambayi `std::thread::hardware_concurrency()` ta ce mini 12, sai na kasa hotunan gida 12 daidai wa daida, kowane zare (thread, wato ma'aikaci ɗaya a cikin manhajar da ke gudana tare da sauran) da kasonsa. Da farko abin yana gudu, amma can wajen ƙarshe sai in ga a Task Manager wasu akwatunan da ke nuna aikin furosesa sun yi tsit, ina zaman jiran 'yan tsiraru su gama. Wani abokina ya ce laifin ƙananan cibiyoyi ne, in yi aiki da manyan kaɗai. Na rage zuwa zare 2, sai abin ya ƙara lalacewa. To wace lamba ce daidai: 12, 10, 4 ko 2?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar 12 ɗinka yadda take. Ga irin aikin da kake yi, lambar ba ta yi maka laifi ba. Matsalar tana wurin da ka kasa hotunan gida 12 tun kafin a fara, ka ɗaure kowane zare da kasonsa. Wannan rabon yana tafiya ne a kan zaton cewa duk ma'aikatan ƙarfinsu ɗaya, kuma zaton ya daina zama gaskiya a kan kwamfutocin da ake sayarwa yanzu. Shawarar abokinka ma tana da muhallinta, zan zo kanta, sai dai ba a nan ba.

Duk lambobin huɗun da ka kawo gaskiya ne, kowace abin da take ƙirgawa daban. A cikin furosesar nan taka akwai cibiyoyi 10, wato injinan lissafi goma masu zaman kansu. Biyu daga ciki manya ne, waɗanda Intel ke kira P-core, suna iya kaiwa gigahaz 4.4. Takwas ƙanana ne, E-core, iyakarsu 3.3, kuma gininsu ma ya fi sauƙi, ba saurin bugawar kaɗai ya raba su ba. Kowace babbar cibiya tana da Hyper-Threading, dabarar da Intel ta shigo da ita tun 2002, wadda ke sa cibiya ɗaya ta bayyana wa babbar manhaja, wato Windows ko makamanciyarta, a matsayin gurbi biyu. Ƙananan ba su da wannan. Biyu sau biyu huɗu, a haɗa da takwas, 12. Abin da `hardware_concurrency()` ta ba ka ke nan: yawan guraben da za a iya ɗora zare a kansu lokaci guda. Ba ta yi maka alkawarin cewa guraben ƙarfinsu ɗaya ba. Hasali ma ƙa'idar C++ ta ce lambar nuni ce kawai, kuma tana iya dawowa da sifili idan ba a gano ba, saboda haka ka riƙa tanadar wa wannan.

Masu rubuta manhajar waya sun riga mu cin karo da wannan. ARM ta sanar da tsarin big.LITTLE a 2011, kuma a 2013 aka saki wata Galaxy S4 mai furosesar Exynos 5 Octa da aka tallata da cibiyoyi takwas, alhali huɗu kaɗai ke aiki a lokaci guda: ko manyan, ko ƙananan. Apple ta kawo shi kwamfutocinta da M1 a ƙarshen 2020, manya 4 ƙanana 4. Intel ta biyo da Alder Lake a ƙarshen 2021, kuma taka daga wannan zuriyar take. Kafin nan, shekara da shekaru, wanda ya rubuta "zare ɗaya ga kowace cibiya, a raba daidai" bai yi kuskure ba, shi ya sa har yau littattafai da darussan bidiyo da yawa ke koyar da shi haka.

Bari mu yi lissafi don ka ga girman asarar. A ajiye Hyper-Threading gefe tukuna, kuma mu ƙaddara cewa ƙaramar cibiya tana yin rabin abin da babba ke yi. Wannan ƙaddarawa ce don sauƙin lissafi, ainihin tazarar ta danganta da irin aikin. Ɗauki Core i9-12900K mai manya 8 da ƙanana 8. Ka kasa aiki gida 16. Babba ta gama kasonta a minti ɗaya, ƙarama sai minti biyu. Idan kowa ya tsaya a kan nasa, aikin ya ƙare a minti biyu. To da ka ƙyale ƙananan gaba ɗaya, ka ba kowace babba kaso biyu, nan ma minti biyu ne. Wato cibiyoyi takwas ɗin da aka ƙara ba su sayo maka ko daƙiƙa ɗaya ba, sai wutar da suka sha. Amma ƙarfin da ke cikin injin a zahiri shi ne kaso 8 a minti daga manya, da kaso 4 daga ƙanana, jimilla 12. Kaso 16 a wannan gudun minti ɗaya ne da daƙiƙa 20. Kashi ɗaya cikin uku na lokacin ya salwanta a rabo kawai.

Yanzu a juya lissafin kan laftof ɗinka. Manya biyu suna ba da 2, ƙanana takwas suna ba da 4, jimilla 6. Da ka koma zare 2, ka zubar da kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ka saya da kuɗinka. Shi ya sa abin ya ƙara lalacewa. A irin wannan furosesar ta laftof marar nauyi, ƙananan cibiyoyin su ne mafi yawan ƙarfin idan aiki ya yi yawa.

Akwai abin da ke ɗan rage zafin asarar. Windows ba ta barin babbar cibiya zaune alhali wani zare yana jan ƙafa a kan ƙarama, takan ɗauko shi ta mayar can. Amma manyan naka biyu ne, masu jan ƙafar takwas. Ga kuma wani abu da ba ruwansa da furosesa: hotunan biki ba girmansu ɗaya ba. Idan kason wani zare ya faɗa kan manyan hotunan da aka ɗauka da babbar kyamara, na wani kuma kan waɗanda aka turo ta WhatsApp, to ko da cibiyoyin duk iri ɗaya ne sai ka ga wannan jelar a ƙarshe. Akwatunan da ka gani sun yi tsit, zaren da ke kansu ne suka gama nasu, kuma ba ka ba su hanyar taimaka wa sauran ba.

Ka lura da yadda 'yan dako ke sauke buhuna daga babbar mota a kasuwa. Ba wanda ke tsayawa ya ce kowa buhu arba'in. Duk wanda ya dire nasa ya dawo, sai ya juya baya a ɗora masa na gaba. Ƙaƙƙarfa ya yi sawu da yawa, mai ƙaramin ƙarfi ya yi kaɗan, motar kuma ta ƙare kusan lokaci ɗaya ga kowa, ba tare da an auna ƙarfin kowa ba. Haka za ka yi. Ka jera sunayen hotunan a jeri ɗaya, ka ajiye lamba ɗaya ta `std::atomic<size_t>` da ta fara daga sifili. Kowane zare ya kira `fetch_add(1)`, lambar da ta fito masa ita ce hoton da zai yi, idan ya gama ya koma ya sake kira, har lambar ta wuce tsawon jerin. Gyaran bai kai layi goma ba. Kuma abin da na fi so game da shi, manhajarka ba ta buƙatar sanin wace cibiya ce babba, wace ce ƙarama, balle ta san nawa ce tazararsu. Furosesar da za a ƙera nan da shekara biyar ma zai yi mata daidai.

Abu biyu za ka kula da su a nan. Na ɗaya, girman abin da ake ɗauka a sawu ɗaya. Hoto guda aiki ne mai ɗan kauri, saboda haka ɗaya-ɗaya ya yi. Da a ce ƙananan abubuwa ne miliyoyi, kowanne ƙiftawar ido, to zaruruwan za su ɓata lokacinsu wajen rububin lambar nan guda, sai ka sa su riƙa ɗibar ɗari-ɗari ko dubu-dubu. Na biyu, ka jera manyan fayiloli a gaba, ƙanana a baya. Dalili kuwa, mafi munin abin da zai faru shi ne a zo ƙarshe, hoto mafi girma ya faɗa hannun ƙaramar cibiya, kowa ya gama a zauna jiranta. Idan ƙananan hotuna ne a ƙarshen layi, jiran ba zai wuce ɗan lokaci ba. Wanda ke aiki da OpenMP, wannan shi ne bambancin `schedule(static)` da `schedule(dynamic)`. Laburare irin su oneTBB a C++, da Rayon a Rust, da ForkJoinPool a Java sun wuce nan: kowane zare yana da nasa layin, wanda nasa ya ƙare sai ya ɗebo daga na maƙwabcinsa. Idan aikinka ya girma har wani sashe yana haifar da wani, ka koma kansu maimakon ka gina naka.

Sai batun 10 ko 12, wato ko a cika gurbi na biyu na manyan cibiyoyi. Gurbi biyun nan injin lissafi ɗaya suke rabawa. Idan duka suna aiki, cibiyar takan ƙara abin da take fitarwa, a ayyuka da yawa da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, wani aikin kuma ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Ma'ana kowane ɗayan zaren biyu yana samun ɗan abin da ya haura rabin gudun cibiyar, wanda sau da yawa bai yi nisa da gudun ƙaramar cibiya ba. Saboda haka ne mai rabon aiki na babbar manhaja kan fara cika manyan cibiyoyi da zare ɗaya-ɗaya, sannan ƙanana, sai a ƙarshe ya waiwayi gurbi na biyu. Ga aikin hotuna da layi ɗaya irin wanda na kwatanta, 12 takan ɗan fi 10, kuma ba ta cutarwa. Kada dai ka rubuta a manhajarka cewa gurabe ninkin cibiyoyi ne. A taka ma ba haka ba ne, kuma Intel ta cire Hyper-Threading gaba ɗaya daga furosesocin Lunar Lake da Arrow Lake na 2024: Core Ultra 9 285K cibiya 24 ce, gurbi 24. Na Apple kuwa ba su taɓa zuwa da shi ba.

Kada ka sa ran zare 12 su ninka maka gudun zare ɗaya sau shida kamar yadda lissafin takarda ya nuna. Wutar da aka tsara wa i5-1235U ita ce wat 15, tana iya haurawa zuwa 55 na ɗan lokaci kafin zafi ko iyakar da mai ƙera laftof ya sa su dawo da ita. Duk cibiyoyin daga wannan kason suke sha, idan aka tashe su gaba ɗaya kowace sai ta rage gudu. A watan Afrilu, cikin ɗakin da ba fanka, kuma a kan batir saboda an ɗauke wuta, abin da za ka samu ya sha bamban da abin da masu gwaji ke wallafawa daga ɗaki mai sanyi. A irin wannan halin ƙananan cibiyoyi sun fi amfani ma, don aikin da suke yi da wat ɗaya ya fi na manyan idan an matsa wa manyan.

To ina abokinka yake da gaskiya? Akwai aikin da ba ya yankuwa ƙanana-ƙanana masu zaman kansu. Ana yin sa ne zagaye-zagaye: kowane zare ya yi nasa ɓangaren, a tsaya a jira kowa ya iso, sannan a shiga zagaye na gaba, kuma ana iya yin haka sau dubbai a daƙiƙa. Lissafin manyan jadawalan lambobi haka yake, da kwaikwayon yanayi ko motsin ruwa, da wani sashe na injinan wasannin bidiyo. A nan gudun kowane zagaye shi ne gudun wanda ya fi kowa nawa. Ƙaramar cibiya ɗaya a cikin tawagar ta isa ta ja kowa baya. Abin ya fi muni idan masu jiran ba barci suke yi ba, suna ta zagaya suna duba ko an iso, domin wutar da suke ƙonawa a jiran daga kason wanda ake jira ake cire ta. A irin wannan aikin ne ake ƙirga manyan cibiyoyi kaɗai, zare ɗaya a kowace, a bar gurbi na biyu. Masu gudanar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kan kwamfutarsu da llama.cpp sun san wannan: ƙara zare fiye da manyan cibiyoyi kan rage gudu a injina da yawa. A can akwai dalili na biyu, wato hanyar da ke tsakanin furosesa da RAM ta riga ta cika, ƙarin ma'aikata ba ya faɗaɗa ta. Ko a nan ɗin ma, a kan injin da ke da manya 2 kacal da ƙanana 8, ba zan yanke hukunci ba sai na gwada, don takwas masu tafiya a hankali suna iya fin biyu masu sauri.

Idan ka kai ga buƙatar sanin wace ce wace, ka tambayi babbar manhaja, kada ka yi hasashe. A Windows, `GetLogicalProcessorInformationEx` da `GetSystemCpuSetInformation` suna ba kowace cibiya wata lamba mai suna `EfficiencyClass`. Sunan yana ruɗar mutane, ka riƙe cewa lamba mafi girma ita ce cibiya mafi ƙarfi, kuma idan duk iri ɗaya ne za ka ga sifili a ko'ina. A Linux a kan Intel akwai fayil biyu. Da za ka sa Linux a laftof ɗinka ka buɗe `/sys/devices/cpu_core/cpus` za ka ga `0-3`, a `/sys/devices/cpu_atom/cpus` kuma `4-11`: gurabe huɗu na manya biyu, sai ƙanana takwas. A kan ARM kowace cibiya tana da fayil `cpu_capacity`, inda mafi ƙarfi ke da 1024, sauran a auna su da ita. A macOS, `sysctl hw.nperflevels` zai faɗa maka hawa nawa ne, `hw.perflevel0.physicalcpu` yawan manya, `hw.perflevel1.physicalcpu` yawan ƙanana. Wanda ba ya son rubuta wannan sau uku, laburaren hwloc ya tattara su wuri ɗaya tun fitowarsa ta 2.4.

Ina ganin manhajoji da yawa suna ɗauka cewa iri biyu ne kawai, babba da ƙarama. Wannan ma ya riga ya tsufa. Core Ultra 7 155H da ya fito a ƙarshen 2023 yana da manya 6, ƙanana 8, da wasu ƙanana 2 masu ƙarancin shan wuta da aka ware a wani ɓangare na daban, cibiya 16, gurbi 22. Waɗannan biyun an yi su ne don injin ya yi ƙananan hidimomi sauran suna barci, kuma ba su da rabo a babbar ma'ajiyar kusa (cache, wurin ajiyar bayanai mai sauri a cikin furosesa) wadda sauran ke tarayya a kanta. AMD kuma ta bi wata hanyar. Ryzen AI 9 HX 370 yana da Zen 5 guda 4 da Zen 5c guda 8, umarnin da suke ganewa ɗaya, duka suna da gurbi biyu-biyu, sai dai na biyun an matse su kuma ba sa kai gudun na farko. Ryzen 9 7950X3D ya fi ban sha'awa: cibiyoyi 16 iri ɗaya, amma takwas suna da ma'ajiyar kusa ta megabait 96, takwas kuma 32 da ɗan fifikon gudu. Wace ce "babba" a nan? Ga wasan bidiyo, masu babbar ma'ajiya. Ga wani lissafin, masu gudu. Wanda ya rubuta "duk cibiyar da ta fi saurin bugawa ita ce babba" zai zaɓi ba daidai ba. Wannan dabarar ta kwatanta saurin bugawa tana tuntuɓe ko a kan Intel, saboda a wasu furosesocin ɗaya ko biyu daga cikin manyan sukan ɗan fi 'yan'uwansu, sai manhaja ta ƙirga manya biyu alhali takwas ne.

Tambayar furosesa kai tsaye da umarnin CPUID ita ma tana da tarko. Amsar ta cibiyar da zaren ke kai ce a wannan lokacin, kuma kafin ka karanta amsar ana iya mayar da shi wata. Lokacin da Alder Lake ya fito, wasannin bidiyo da dama sun ƙi tashi saboda manhajar hana satar fasaha da ke cikinsu ta ga cibiya iri biyu ta ɗauka kwamfuta biyu ce. Sai da aka sa wani zaɓi a BIOS da ke ba mutum damar kwantar da ƙananan cibiyoyin da maɓallin Scroll Lock kafin a gyara wasannin.

Daga sanin wace ce babba, zuciya takan raya wa mutum ya ɗaure zarensa a kanta. Ina ba ka shawara ka guji wannan sai in injin naka ne kai kaɗai, kamar saba (server, kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa) da aka ware wa aiki ɗaya. A laftof ɗin mai hoto akwai burauza a buɗe, akwai manhajar gyaran hoto, kowace tana son manyan nan biyu. Idan ka ɗaure zare a cibiyar da wani ya riga ya hau, zai tsaya layi alhali ga wasu a zaune. Babbar manhaja tana ganin abin da ba ka gani: wane ne ke aiki, ina zafi ya taru, a kan batir ake ko a kan wuta, kuma a Intel akwai Thread Director da ke ba ta rahoton irin umarnin da kowane zare ke gudanarwa. Abin da take buƙata daga gare ka shi ne ka faɗa mata muhimmancin aikin. A macOS wannan ce ma kaɗai hanyar, don ba a ɗaure zare a kan furosesar Apple. Akwai matakan QoS, wato matakan muhimmancin aiki, daga `userInteractive` zuwa `background`, kuma wanda ka sa a na ƙarshen a ƙananan cibiyoyi zai zauna ko da manyan ba sa komai. A Windows akwai EcoQoS mai kama da haka.

Wannan ya shafe ka kai tsaye. Mai hoton nan zai danna "fara", ya sauke tagar manhajarka ƙasa, ya koma wani aikin. Windows tana iya fahimtar hakan a matsayin aikin da ba a gaggawarsa, ta tura zaruruwanka kan ƙananan cibiyoyi ta rage musu gudu, musamman a kan batir. Idan wannan ne kake so, don kada laftof ta yi masa nauyi yana aiki, to madalla. Idan kuwa amarya na jiran hotunanta ne, ka kira `SetProcessInformation` da `ProcessPowerThrottling` ka ce kada a rage wa wannan aikin gudu. Na fi son ka mayar da shi zaɓi a cikin manhajar, shi ya san ranar da yake sauri.

Akwai wata lambar da ba ka tambaya ba, amma za ta same ka ranar da ka ɗora manhajar nan a saba: ba abin da injin ke da shi ba, abin da aka yarje maka. Ana iya taƙaita manhaja ga wasu gurabe, kuma a Linux `sched_getaffinity` ce ke faɗa maka waɗanne. Python ta daɗe da `os.cpu_count()` mai ƙirga na injin duka, sai a 3.13 aka ƙara `os.process_cpu_count()` mai ƙirga naka. Wanda ya fi wahalar ganewa shi ne kason lokaci a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da ake gudanar da manhaja a saba, irin ta Docker ko Kubernetes. Saba tana da gurbi 64, an ba kwantenarka ƙarfin cibiya biyu. A fayil ɗin `cpu.max` za ka ga `200000 100000`, ma'ana a duk milisakan 100 kana da milisakan 200 na lokacin furosesa. Manhajarka ta tambaya aka ce mata 64, ta buɗe zare 64. Su duka suka tashi tare, cikin milisakan uku da ɗoriya sun cinye kason, sai a dakatar da su gaba ɗaya na kusan milisakan 97 da suka rage. Daga waje abin da ake gani shi ne manhaja tana tafiya tana sandarewa, kuma ba wanda zai zargi lambar zare. Java ta fara la'akari da wannan kason a JDK 10, aka mayar da gyaran baya zuwa 8u191. `available_parallelism` ta Rust tana dubawa. Go sai a 1.25, cikin 2025, ta fara yin haka da kanta. A C++ kada ka dogara da `hardware_concurrency()` a nan, ka karanta fayil ɗin da kanka, ka ɗauki wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin lambobin. A manyan injinan Windows kuma ana kasa gurabe rukuni-rukuni na 64, tsofaffin hanyoyin tambaya na rukuni ɗaya suke faɗa, sai `GetActiveProcessorCount` da `ALL_PROCESSOR_GROUPS` ke ba da jimilla.

Idan wata rana ka kai ta waya, ka tuna cewa "cibiya takwas" da ke jikin kwalin wayoyin Tecno da Infinix da yawa masu Helio G85 tana nufin Cortex-A75 guda 2 da Cortex-A55 guda 6, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke cikin laftof ɗinka. Android tana rage wa manhajar da ba ta kan allo cibiyoyin da za ta hau, wasu wayoyin kuma suna kashe cibiya ɗungurungum idan sun yi zafi, don haka lambar da ka samu da safe ba lallai ta zama ta rana ba. Layi ɗaya da kowa ke ɗiba daga ciki yana jure duk wannan.

Saura iyaka biyu da suka shafi hotuna musamman. Hoto mai megafiksel 24 idan aka buɗe shi yana cin wajen megabait 72 na RAM, kafin a ƙirga kwafin da ake aiki a kai. Zare 12 kowanne da nasa, ka doshi gigabait ɗaya ko ka haura. A injin gigabait 8 babu damuwa, amma a saba mai gurbi 64 da ƙaramin RAM, wannan ce za ta fara tsayar da kai, saboda haka ka sa rufi: yawan zare kada ya wuce abin da RAM zai ɗauka. Ta biyun ita ce inda hotunan suke. Idan daga filashi ko katin kyamara ake karanto su, mai yiwuwa zare uku ko huɗu sun riga sun ƙure abin da katin ke iya bayarwa, sauran jira kawai suke.

Ka sa wa manhajar wurin da mai amfani zai rubuta yawan zaren da yake so, 12 ta zama abin da take farawa da shi a injinka. Sannan ka gwada da kanka, gani ya kori ji. Ka ɗauki hotuna na gaske daga wurin mai hoton, masu yawan da aikin zai ɗauki aƙalla minti uku zuwa biyar, domin a daƙiƙun farko laftof tana gudu da ƙarin wutar da ba za ta iya riƙewa ba, kuma gajeren gwaji wannan gudun kaɗai zai nuna maka. Ka gudanar da zare 2, 4, 8, 10, 12 da 16, sau ɗaya a kan wuta sau ɗaya a kan batir, kana barin injin ya huce tsakanin gwaji da gwaji. A Task Manager, ka danna dama a kan zanen CPU ka zaɓi a nuna kowane gurbi daban. Akwatuna huɗun farko na manyan cibiyoyi ne, takwas na bayansu na ƙanana. Bayan gyaran, ya kamata duka 12 su cika tare su kuma sauka kusan tare. Idan ka ga suna hawa da sauka kamar haƙoran zarto tun daga tsakiyar aiki, ka duba zanen faifai a gefen hagu, akwai yiwuwar yana kan kashi 100, sai ka kwafe hotunan zuwa SSD ɗin cikin laftof ka sake gwadawa.